Dalilin da Ya Sa Ban Yaba Babban Ganyenka Ba

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya hana ni yaba tabar Basma, irin tabar gabas mai ƙananan ganye da ƙamshi, da ka shuka a lambun bayan gidanku, alhali ganyenta ya fi nawa faɗi da tsawo, kuma ba ka rage ta da taki ko ban ruwa ba. To, wannan gatan da ka yi mata shi ne ya ɓata ta.

Tabar gabas, ko Basma ce ta tuddan Komotini a Girka, ko ta Izmir da Samsun a Turkiyya, ko ta Pirilep a Masedoniya ta Arewa, ba ta son ƙasa mai ni'ima. A gangaren dutse muke dasa ta, cikin tsakuwa, bayan ta fito daga gadon iri wajen watan Mayu, kuma a matse muke jera ta, ba ma karya mata fure kamar yadda masu tabar Bajiniya mai manyan ganye suke karya wa tasu. Idan ta sha rana da ƙishi sai ganyen ya tsuke, ya fitar da wani danƙo da ke kare shi daga zafi, kuma a cikin wannan danƙon ƙamshin yake. Kai kuwa ka ƙosar da taka, sai ta zuba ƙarfinta a girma, jijiya ta yi kauri, ƙamshi ya tsere, ɗaci ya zauna.

Ka kuma yi gaggawa wurin tsinka. Ba a kwashe ganye rana ɗaya. Daga ƙasa ake farawa ana hawa sama, zagaye huɗu ko fiye, da asuba kafin rana ta yi zafi, ana ɗaukar wanda ya fara ɗashewa kaɗai. Na ƙasa shi ne mafi arha, ƙananan na can sama kuwa su masu saye ke nema. A soka su da doguwar allura a jera a igiya, su yi kwana biyu ko uku a inuwa har su yi yaushi, sannan a kai su rana wajen mako biyu zuwa uku. Naka ka kai shi rana da ɗanyensa, shi ya sa kore ya maƙale masa, kuma wannan koren ba ya fita.

Idan za ka gwada ganye, kada ka taɓa shi yana ƙeƙashe. Ka jira ya sha laima ya yi laushi. Ka ɗaga shi ga haske: nagari ruwan zinariya ne zuwa ja-ja, ba tabo, ba funfuna, kuma da wuya ya wuce tafin hannu. Ka dunƙule shi ka saki. In ya warware bai tsage ba, ya kuma bar maka ɗan maiƙo a yatsu, yana da jiki. Ka shinshina, domin ni hancina na fi amince wa fiye da idona. Daga ƙarshe ka kunna gefensa: wutar ta ci a hankali ba ta mutu ba, tokar ta fito fari-fari.

Baɗi ka bar lambun ga kabeji. Zan yanka maka kunya goma a saman gonata, inda garma ke karo da dutse, ka dasa a can, ka riƙe takinka.