Kun Tambaya, Mun Amsa: Shin Gidan Hayar Baƙi a Ƙasar Waje Yana Biyan Kuɗin Sabulu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, kuma Allah ya hore mini ɗan abin da nake so in adana a inda ba zai narke ba. Wani dillali ya nuna mini hotunan gidaje a Dubai da Turkiyya da Sifaniya, irin waɗanda ake bai wa masu yawon buɗe ido haya ta kwana-kwana. Ya ce za su riƙa kawo mini ribar kashi 11 cikin 100 a shekara, ni da iyalina mu samu masauki duk lokacin da muka je hutu, har ma wai gidan zai iya samar mini izinin zama. Ban taɓa mallakar komai a wata ƙasa ba. Shin in saka kuɗina, ko in haƙura? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da dillalin yake tallata maka da sunan gida, a zahiri ƙaramin otal ne da za ka riƙa gudanarwa daga nesa, ta hannun mutanen da ba ka ganinsu, a ƙarƙashin dokokin da ba a shawartarka kafin a canza su. Akwai waɗanda suka ci riba da wannan sana'a, ba na musun haka, amma ra'ayina shi ne ga wanda bai taɓa mallakar ko rumfa a wata ƙasa ba, kuma kuɗin da zai saka su ne mafi yawan abin da ya tara, haɗarin ya fi ribar nauyi.

Mu fara da kashi 11 ɗin nan, domin a nan ne yawancin masu saye suke ruɗuwa. Ga wani lissafi da na ƙirƙira don misali kawai, kai kuma sai ka saka alƙaluman gidan da aka nuna maka a gurbinsa. A ce gidan dala 200,000 ne, ana kama shi dala 110 a kwana, kuma ya samu baƙi kwana 200 a shekara. Abin da ya shigo dala 22,000 ke nan, wato kashi 11 cif, kamar yadda dillali ya faɗa, kuma bai yi ƙarya ba, ya dai tsaya ne a inda maganar take da daɗi. Kamfanonin da ke kawo baƙi ta intanet, irin su Airbnb da Booking.com, sukan ɗauki la'adar da ta kai kusan kashi 15, wato dala 3,300. Kamfanin da zai kula da gidan, ya karɓi baƙi, ya miƙa makulli, ya tura masu shara da wanki, a ce ya ɗauki kashi 20, wato dala 4,400, kuma akwai masu karɓar fiye da haka. Kuɗin hidimar bene da wuta da ruwa da intanet da inshora da gyare-gyare, a ce dala 6,000. Saura dala 8,300. Idan hukumar haraji ta yanki kashi 20, abin da zai iso hannunka dala 6,640 ne. Sannan gidan bai tsaya maka a kan 200,000 ba, domin kuɗin rajista da lauya da la'ada da gadaje da kujeru da kayan kicin za su iya kai shi 230,000. Ribar gaskiya ta koma ƙasa da kashi 3 cikin 100. Idan kuwa shekarar ta zo da ƙarancin baƙi, aka samu kwana 140 kawai, to ba za ta kai kashi ɗaya da rabi ba, saboda mafi yawan waccan dala 6,000 sai an biya ta ko gidan a cike yake ko a rufe. Wanda ya ci bashin banki ya sayi gidan kuwa, kuɗin ruwa kaɗai suna iya haɗiye ragowar, ya zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Batun hutun iyali ma yana da nasa lissafin, wanda ba a cika faɗa ba. Makonnin da za ku so zuwa su ne makonnin da kowa yake son zuwa, kuma su ne suke ɗauke da nauyin sauran shekarar. A Dubai kasuwar baƙi ta fi ci a watannin sanyi, ta yi sanyi lokacin da zafi ya tsananta. A gaɓar tekun Sifaniya da Turkiyya kuwa Yuli da Agusta ne kakar cinikin. Duk daren da ka kwana a gidanka a irin wannan lokaci, ka biya kuɗin ɗaki mafi tsada na shekara ne ba tare da an ba ka rasit ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro, fiye da lissafin, shi ne doka. Manyan birane da dama sun juya wa wannan sana'a baya, saboda mazaunansu suna kukan cewa gidajen da ya kamata su zauna a ciki sun koma masaukin baƙi, haya kuma ta gagari talaka. A Landan, tun 2015, ba a yarda a ba da gida haya ta kwana-kwana fiye da dare 90 a shekara ba sai da izini na musamman. Amstadam ta rage nata zuwa dare 30 a 2019. Niyok ta fara aiwatar da wata doka a Satumban 2023 da ta ce duk hayar da ba ta kai kwana 30 ba, dole mai gidan ya yi rajista, ya kasance yana cikin gidan tare da baƙin, baƙin kuma kada su wuce biyu, abin da ya rufe ƙofa gaba ɗaya ga mai zaune a wata ƙasa. A Sifaniya da dillalinka ya ambata, magajin garin Basalona, Jaume Collboni, ya sanar a Yunin 2024 cewa lasisin gidajen baƙi kimanin 10,000 da ke birnin zai ƙare zuwa Nuwamban 2028, ba kuma za a sabunta ba. Waɗanda suka sayi gida a can da tsada saboda lasisin da ke jikinsa ba su aikata laifin komai ba, gari ne ya waye aka canza shawara.

Ta Turkiyya ta cancanci a duba ta da kyau, domin tana nuna yadda abin yake a aikace. Daga 1 ga Janairun 2024, duk wanda zai ba da haya ta kwana 100 ko ƙasa da haka sai ya samu izini daga ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, ya kafa allon shaida a bakin ƙofa, kuma idan gidan sashe ne a cikin bene, sai duka masu sassan benen sun amince, in ban da wasu rukunin gidaje da aka tsara don irin wannan haya tun farko. Ka ƙaddara bene mai sassa ashirin, wakilinka yana bi ƙofa-ƙofa da takarda a hannu, mutum goma sha takwas sun sa hannu, sai ya iso wurin wata dattijuwa da ke ƙarƙashin sashenka, wadda ta gaji da ƙarar akwatuna da ake ja a kanta da ƙarfe biyun dare. Idan ta ce a'a, magana ta ƙare, kuma babu hoton teku ko na wurin ninƙaya da zai canza wannan.

Sai darajar kuɗi. A farkon 2018 dala ɗaya ba ta kai lirar Turkiyya 4 ba, amma zuwa farkon 2024 ta kai lira 30. Mai gida a irin wannan ƙasa yana iya ganin farashin gidansa yana ta hauhawa a kuɗin ƙasar, alhali idan ya juya shi zuwa kuɗin da ya saya da su, bai matsa ba ko ma ya ja baya. Dubai ba ta da wannan matsala sosai, tun da dirhami a ɗaure yake da dala a kan kusan 3.67, kuma ba a karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, 'yan ƙasashen waje kuma suna iya mallakar gida kai tsaye a unguwannin da aka ware tun 2002. Shi ya sa ta fi sauran biyun sauƙin sha'ani a takarda. Amma kuɗin rajistar mallaka kashi 4 ne na farashi, hayar baƙi tana buƙatar izinin hukuma, kuɗin hidimar bene yana da nauyi, kuma kasuwar tana hawa da sauka da ƙarfi: bayan rikicin tattalin arziki na 2008 farashin gidaje a can ya faɗi da kusan rabi, an kuma bar gine-gine da dama a tsaye ba a kammala ba. Wannan ne dalilin da ya sa nake jan kunne game da sayen gidan da ba a gina ba tukuna, wanda ake biyan kafin alƙalami a kan zane, domin cinikin biri a sama ne. Shekarar 2020 ma ta nuna cewa baƙi suna iya ɗaukewa gaba ɗaya, lokacin da annobar korona ta rage tafiye-tafiyen yawon buɗe ido tsakanin ƙasashe da fiye da kashi 70 cikin 100.

Game da izinin zama, ka riƙe cewa mallakar gida ita kaɗai ba ta ba ka haƙƙin zama a yawancin ƙasashe. Sifaniya ta rufe shirinta na ba da biza ga masu sayen gida a Afrilun 2025, Fotugal kuma ta cire gidaje daga nata tun Oktoban 2023. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, tana ba da bizar shekara 10 ga mai gidan da ya kai dirhami miliyan 2, Turkiyya kuma tana ba da takardar zama ɗan ƙasa ga wanda ya sayi kadarar dala 400,000 ya riƙe ta shekara 3. Idan abin da kake nema ke nan, to ka lissafa shi a matsayin abin da kake saye da kuɗinka, kada ka haɗa shi da riba.

To wane ne wannan jari ya dace da shi? Wanda ya san garin da ƙafarsa, yana zuwa a kai a kai don wata harka, yana da amintaccen mutum a can, kuma idan gidan ya shekara ba baƙo ko ɗaya, tukunyarsa ba za ta sauka ba. Idan kana ganin kai ne wannan, ka je ka kama haya a unguwar a lokacin da ba kowa, ka ga yadda take, tun da gani ya kori ji. Ka ɗauki lauyan da kai kake biyansa, wanda ba dillali ko kamfanin gini ne ya nuna maka shi ba. Ka nemi a nuna maka takardun shigar kuɗi na shekara biyu na wani gida makamancinsa a benen, wata-wata, maimakon hasashe. Sannan ka yi gwajin da na fi yarda da shi: ka lissafa abin da gidan zai kawo idan aka hana hayar kwana-kwana gobe, ka koma ba wa ɗan gari haya ta shekara. Idan da wannan lissafin ma gidan zai riƙe kansa, ana iya ci gaba da magana. Idan sai da baƙin kwana-kwana yake numfashi, ka bar wa dillali hotunansa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Maigidana yana da irin wannan gida a ƙasar waje, kuma duk takardun da sunansa suke. Rai na hannun Allah, amma idan ta Allah ta kasance, yaya ni da yara za mu yi da shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Barka kadai, Hajiya, kuma tambayarki ta fi ta masu saye da yawa hangen nesa. Gida ba ya tashi daga inda aka gina shi, don haka hukumomi da kotunan ƙasar da yake ciki ne za su sa hannu kafin ya koma sunan magada, kuma wasu ƙasashen suna karɓar harajin gado a kansa ko da mamacin bai taɓa zama a can ba. A Birtaniya harajin kashi 40 ne a kan abin da ya haura fam 325,000, duk da cewa akwai rangwame a kan abin da aka bar wa mata ko miji, bisa wasu sharuɗɗa. A Amurka kuwa, baƙon da ba mazaunin ƙasar ba dala 60,000 kacal ake yafe masa, sai dai idan akwai yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasarsa da ita. A yawancin ƙasashen Tarayyar Turai, tun Agustan 2015, mutum yana iya rubutawa a wasiyyarsa cewa dokar ƙasar da yake riƙe da takardar zama ɗan ƙasarta ce za a bi wajen rabon gadonsa, amma wannan bai ɗauke harajin ba. A tsawon watannin da ake fassara takardu ana tantance su, kuɗin hidimar bene da wuta ba sa tsayawa, kuma a wasu wurare izinin hayar baƙi da sunan mutum yake, ba ya bin gidan zuwa hannun magada.

Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance ki roƙe shi abu uku: ya sa lauya a ƙasar da gidan yake ya rubuta masa wasiyyar da kotun can za ta karɓa, wadda ba ta ci karo da yadda yake so a raba dukiyarsa ba, ya ajiye kwafin takardar mallaka da yarjejeniyarsa da kamfanin da ke kula da gidan a inda kika sani, ya kuma rubuta miki sunan bankin da kuɗin hayar suke shiga da lambar wayar lauyan.