Bitar gaggawa ta isa a yanke shawara kan saƙon rigakafi?

Malama, kina tambaya ko bitar bincike ta gaggawa, wato duba binciken da aka riga aka wallafa a taƙaice, ta isa ku fara tura wa iyaye saƙon tes na tunin ranar rigakafin yara. Eh, ta isa. Cikin 'yan makonni za ki samu amsar da cikakkiyar bita kan ci shekara kafin ta bayar.

Amma da sharaɗi. Saurin nan daga yanke hanya yake: a leƙa PubMed, rumbun binciken lafiya na intanet, shi kaɗai, a tsaya kan rubutun Turanci, mutum ɗaya ya tace binciken. Da muka yi tamu, sai daga baya muka lura galibin binciken sun ɗauka wayar na hannun uwa, alhali a ƙauyukanmu tana aljihun maigida, shi kuwa yana gona. Ki rubuta duk abin da kuka tsallake, ku gwada a gunduma ɗaya tukuna.