Tambaya da Amsa: Mutumin da ke kaɗa hannu a gaban mawaƙa

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan mutum ɗaya: wanda yake tsayawa gaban ƙungiyar mawaƙa, ya juya wa jama'a baya yana kaɗa hannu. A majami'u da makarantu ana ce masa kwayamasta ko malamin waƙa. Kwayar nan, wato ƙungiyar mawaƙan, ba ta da lanƙwasa a kan "k", kada mai buga rubutu ya jawo mana magana. Malaman waƙa da ke taimaka wa wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mawaƙan nan sun riga sun haddace waƙarsu, to mene ne amfanin mai kaɗa musu hannu? Makaɗanmu na gargajiya ai ba su da shi. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Makaɗanmu suna da shi, sai dai da murya yake jan ragama: ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa. A kwaya kuwa muryoyi huɗu ne ke tafiya lokaci guda, kowace da hanyarta. Sufurano da alto na mata ne ko yara, teno da bes na maza. Mutum arba'in da ke bin hanya huɗu ba za su tashi tare, su yi numfashi tare, su dire tare ba, sai da wanda duk suke kallo.

Hannun dama ne ke riƙe bugu. In waƙa mai bugu huɗu ce, hannu ya sauka ƙasa, ya yi hagu, ya yi dama, ya koma sama. Mai bugu uku: ƙasa, dama, sama. Mai biyu: ƙasa, sama. Bugu na ɗaya kullum ƙasa yake, don wanda ya ɓata ya san inda zai kamo. Hannun hagu na shigo da wani sashe, ya nuna a ƙara murya ko a sassauta, ya kuma yanke sauti a ƙarshe.

Motsin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda ake yi kafin a ji komai. Malamin ya ɗaga hannu yana shaƙar numfashi, mawaƙa su shaƙa tare da shi, kuma daga saurin ɗagawar nan suke gane saurin waƙar. Sabon shiga yakan ɗaga hannu ya tsaya a sama yana jira, sannan ya dankara shi ƙasa. Sai ka ji an shigo a warwatse, ya hau mawaƙa da faɗa, alhali laifin hannunsa ne.

Duk da haka, abin da ka gani a talabijin ƙarshen aiki ne. Kafin ya koyar da waƙa, sai malamin ya iya rera kowace murya cikin huɗun da bakinsa, ya sa alamar wuraren numfashi da fensir, ya gano tun a gida inda alto za su yi tuntuɓe. Jarinsa kunne ne. Wanda ba zai ji cewa mutum biyu a layin baya sun kauce ba, kyawun kaɗa hannunsa ado ne kawai.

Tambaya: Ranku ya daɗe, shekarata 19, ina waƙa a majami'armu. Wannan aiki sana'a ce da mutum zai rayu a kanta? Ta ina ake farawa? Daga wani matashi a Kafanchan.

Amsa: Sana'a ce, amma da wuya ta tsaya ita kaɗai. Yawancin malaman waƙa a majami'un Nijeriya aikin sa kai suke yi, ko a ba su ɗan abin sabulu. Waɗanda suka rayu a kanta sun haɗa ta da koyarwa, da kaɗa ogan (babban abin kiɗan majami'a mai kama da kibod), da tsara waƙoƙi.

Dubi Farfesa Laz Ekwueme. An haife shi a 1936 a garin Oko da ke jihar Anambra ta yau, ƙane ne ga Alex Ekwueme, mataimakin Shugaba Shehu Shagari. Ya yi karatun kiɗa a Royal College of Music da ke Landan, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Yale ta Amurka. Ya koyar a Jami'ar Nsukka, daga baya ya koma Jami'ar Legas, kuma a 1974 ya kafa ƙungiyar mawaƙa mai ɗauke da sunansa. Shi aka damƙa wa ƙungiyar mawaƙa ta ƙasa a bikin FESTAC na 1977, bikin da aka yi wa babban hawan daba a Kaduna. Ya ɗauki waƙoƙin gargajiya ya tsara su a muryoyi huɗu. Jama'a da yawa ma a finafinan Kudu suka san fuskarsa, ga kuma sarautar Oko da ya hau. Ka lura, albashinsa na malamin jami'a ne, kwaya ce ta fito da sunansa.

Akwai kuma hanyar zama wuri guda. T.K.E. Phillips ya dawo daga karatu a Landan, ya karɓi ogan da kwayar babbar majami'ar Angilikan ta Legas a 1914, bai sauka ba sai 1962. Shekara 48 ke nan yana koyar da yara. Cikin waɗanda suka yi waƙa a ƙarƙashinsa har da Fela Sowande, wanda ya yi suna a duniya wajen kaɗa ogan da tsara kiɗa. Ba Fela mai Afrobeat ba, wannan wani ne daban. Da Phillips ya ajiye aiki, ɗansa ne ya gaje shi.

Kai kuma ga inda za ka fara. Yi shekara biyu ko uku kana waƙa a teno ko bes, don wanda bai taɓa riƙe muryar da ke ƙarƙashin sufurano ba ba ya jin ta. Ƙware a do-re-mi, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, mishan suka kawo mana. Amma kada ka tsaya nan, koyi karatun kiɗa na kan layuka biyar, don yawancin waƙoƙin duniya da shi aka rubuta su. Koyi kibod har ka iya kaɗa murya biyu da dama, biyu da hagu, ko da a hankali ne. Sannan ka roƙi malaminku ya bar maka sashe ɗaya, ko kwayar yara. In takarda kake so, akwai sashen kiɗa a jami'o'in Nsukka da Ile-Ife, da makarantar MUSON a Legas, da makarantar tauhidi ta Baftis a Ogbomosho mai koyar da kiɗan majami'a.

Tambaya: Mukan fara waƙa daidai, amma kafin baiti na uku mun gangara ƙasa, mai kibod ya rasa inda muke. Waƙar kuma sai ta yi ta jan ƙafa. Na yi faɗa har na gaji. Daga wata malamar waƙa a Jos.

Amsa: Malama, faɗa ba ya ɗaga murya. In kika ce "kun sauka" kawai, ba ki ba su abin yi ba. Fara da gano wurin. A ba da sautin farko, a kashe kibod, a rera layi ɗaya, a sake taɓa sautin. A bi layi-layi. Sau da yawa za ki tarar wuri ɗaya ne ko biyu ke zubar da waƙar, kuma kowane baiti a nan yake ƙara nitsewa.

Mafi yawa a gangara abin yake faruwa. Muryar ɗan Adam takan faɗaɗa taki in tana sauka, ta ƙuntata shi in tana hawa. Daga do zuwa ti rabin mataki ne, haka daga fa zuwa mi, amma mawaƙa sukan zarce. Sa su rera do-ti-la-so a hankali, ki ce musu a sauka da ƙaramin taki, a hau da babba. Sautin da ake maimaitawa sau uku ko huɗu a jere shi ma yana lotsawa, don haka kowane maimaici a ɗauke shi kamar ya ɗan ɗara na baya tsawo.

Sai numfashi. In iska ta ƙare a ƙarshen dogon layi, sauti ya faɗi. Kada kowa ya shaƙa wuri guda: maƙwabta biyu su yi karɓa-karɓa, wannan ya shaƙa yayin da wancan ke riƙe da sautin. Ki kuma sa kunne a kan 'yan bes. Su ne harsashi, kuma in suna gurnani don a ji su manyan maza ne, sauran muryoyin za su bi su ƙasa ba tare da sun sani ba.

Akwai dabarar da kan ba da mamaki: ɗaga waƙar da rabin mataki. Waƙar da kullum take nitsewa a ki na F (ki shi ne sautin da aka kafa waƙa a kansa) sau da yawa takan tsaya cak in an matsa ta sama kaɗan, don muryoyin sun bar gurbin da suka saba zamewa. Kibod na da maɓallin yin haka.

Jan ƙafa kuwa, sau da yawa kunne ne ke jawo shi. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. A ɗakin da bangon baya ke da nisan mita 34, kafin amsa-kuwwa ta je ta dawo an ci kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Mawaƙin da ke jiran abin da ya ji kullum a makare yake, na kusa da shi ya jira shi, waƙa ta zama tafiyar hawainiya. Su bi hannunki da ido. Ke ma kada ki bi su, kuma kada ki ƙara girman kaɗawa, don babban hannu nauyi yake ƙara wa waƙa. Ƙanƙance shi, ki sa shi ya yi kaifi.

Robert Shaw, shahararren malamin kwaya na Amurka da ya rasu a 1999, yakan cire kalmomin waƙa gaba ɗaya, ya sa mawaƙa su rera sautukan da ƙirgen bugu, murya ƙasa-ƙasa. Hausa ta ma fi dacewa da wannan, don ɗaya, biyu, uku, huɗu duk gaɓa bibbiyu ne: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu. Kowane bugu ya rabu biyu da kansa, babu inda mai jan ƙafa zai ɓuya.

A zaman koyo na minti 90, ba ɗumama murya minti 10, sannan waƙar da aka sani minti 10. Wuri mafi wuya ya zo nan da nan, minti 30, tun kai bai yi zafi ba. A huta minti 5 a sha ruwa, musamman da hunturu, sauran lokacin a yi bita. In kin tsayar da su, gyara ɗaya, a jimla ɗaya, a sake rerawa.

Tambaya: Mu 30 ne, mata 22, maza 8. Yaya za mu raba muryoyi? Daga wani malamin makaranta a Yola.

Amsa: Kada ka raba maza takwas gida biyu in ba su ƙware ba. Haɗa su a murya ɗaya matsakaiciya, mata su zama sufurano 12, alto 10, ka nemi waƙoƙi masu murya uku. Gwada kowa shi kaɗai, daga tsakiyar kibod a hau, a kuma sauka. Alto na masu kunne ne, ba wurin ajiye waɗanda suka kasa hawa sama ba. Mai kaucewa a sa shi tsakanin gwanaye biyu, kada a kai shi ƙarshen layi. Yaran maza da muryarsu ke fashewa, galibi tsakanin shekara 12 da 15, a sake gwada su kowane zango.

Tambaya: Dole ne a riƙe 'yar sandar nan? Daga wata ɗaliba a Kaduna.

Amsa: A'a. Malaman kwaya da yawa da hannu zalla suke aiki, don yatsu da tafi na nuna laushin sauti. Sanda na da amfani in akwai makaɗa da yawa a nesa.

Tambaya: Baba, me ya sa in aka ɗora kalmomin Hausa a kan karin waƙar Turawa, wani lokaci sai a kasa gane abin da ake faɗa? Daga wani mai tsara waƙa a Gombe.

Amsa: Don Hausa tana da nata karin tun kafin a rera ta. Faɗi "wuya" na jiki, muryarka za ta fara sama ta sauka. Faɗi "wuya" ta wahala, za ta fara ƙasa ta hau. Haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. In karin waƙar ya hau inda kalmar ke sauka, kunnen Bahaushe zai ji wata kalma daban. Masu tsara waƙa da Yarabanci da Ibo sun daɗe suna fama da wannan, Ekwueme ma ya yi rubutu a kan yadda harshen Ibo ke juya waƙarsa.

Tsawon wasali ma haka. "Gashi" na kai yana da dogon "ga", na nama gajere ne. Ɗora gajeren a kan sauti mai bugu biyu, ka mai da tsire ya koma kitso.

Kafin ka koyar, karanta baitin da ƙarfi kamar magana, ka ja layi a takarda inda murya ta hau da inda ta sauka, ka gwada da karin. Ba kowace gaɓa za ta dace ba, kuma ma'anar jimla takan ceci wasu. Amma kalmar da ke ɗauke da saƙon, da ta ƙarshen layi, dole su zauna daidai. In sun ƙi, sauya kalmar, kada ka taɓa karin da jama'a suka riga suka sani. Matsala ta fi tsanani a alto da teno, don sukan yi hanyar da ta saba wa sufurano. A irin wurin nan, bar sufurano su faɗi kalmomin, sauran su riƙe "u" ko "a" a ƙarƙashinsu.

Sauƙi ɗaya Hausa ta yi maka: yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa, don haka yanke sauti tare ba ya wahala. Inda za ka sa ido shi ne ƙ, ɗ, ɓ da ts. In mutum talatin suka sassauta su, "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata". Sa su furta layin da magana sau uku, a kan bugu, kafin a sa masa kari.