Amsoshin Tambayoyinku: Maƙalin Bel Ko Kube?

Tambaya: Tasi nake tuƙawa da dare a birnin Houston na Amurka. Na sayi ƙaramar bindiga ƙirar Glock 19 don tsaron kai, amma kuben yana tokare ni idan na zauna. Na ga wani ɗan maƙalin ƙarfe da ake ɗaura wa bindigar, a saƙala ta a bel kai tsaye, kuma ya fi araha. In saya?

Amsa: Kada ka saya, ɗan'uwa. Aikin maƙalin nan ɗaya ne, ya hana bindiga zamewa cikin wando. Kunamar kuwa a fili ya bar ta. Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa, duk abin da ya shiga gaban kunamar ya ja ta da nauyin kamar kilo biyu da rabi, ta tashi. To dubi zamanka a mota: bakin riga ya naɗe, bel ɗin kujera ya bi ta ƙugunka, ga zariyar wando tana lilo, bakin bindiga kuma yana kallon cinyarka, inda babbar jijiyar jini take. Idan jijiyar ta fashe, mintuna kaɗan sun isa jini ya ƙare. A 2008 ɗan ƙwallon Amurka Plaxico Burress ya soke Glock a ƙugu ba kube a wani gidan rawa na New York. Ta zame, ya kai hannu zai cafke, ya harbi cinyarsa. Daga baya aka yanke masa shekara 2 saboda ba shi da lasisin jihar.

Wasu za su ce ai sai ka bar ta ba harsashi a ɗane. Mutumin da ya yi awa goma yana tuƙi, wata rana zai manta.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan tsimin na banza. Mutum ya zuba ɗaruruwan daloli a bindiga bai yi ƙorafi ba, sai a kan kube ya tuna araha, alhali bambancin bai wuce kuɗin man da yake sha a kwana biyu ba. Haka masu sayen kuben yadi mai laushi a intanet, wanda aka ce yana shiga kowace bindiga. Abin da ya dace da kowace bindiga bai riƙe ko ɗaya da kyau ba, yana lanƙwashewa, bakinsa ya shige wajen kunama. Nemi kube mai tauri, na Kydex (wata irin roba mai ƙarfi) ko fata mai kauri, wanda aka ƙera don Glock 19, ka haɗa da bel mai ƙarfi. In kuben ya iso, cire harsasai duka, duba sau biyu, sa bindigar ciki, ka kifa shi a kan katifa. In ta faɗo, ko yatsanka ya iya taɓa kunamar, mayar musu da kayansu. Tokarewar kuwa, matsar da shi gefe, ka gwada wurare har ka dace.

Tambaya: Zan zo Kano hutu. In sako bindigata a jaka?

Amsa: Wannan ma tambaya ce? Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, cikin haramtattun makamai, lasisin Amurka kuma ba ya aiki a filin jirgin Malam Aminu Kano. Bar ta can a kulle.

Tambaya: Maigidana yana ajiye bindigarsa a kan durowa idan ya dawo aiki, ga yara uku ƙanana. Barci ya gagare ni, kuma ina jin nauyin yi masa magana.

Amsa: Baiwar Allah, tsoronki a kan hanya yake, kada kowa ya ce miki kin cika fargaba. Yaro ɗan shekara uku yana iya jan kunama. Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambobi da ake buɗewa cikin daƙiƙoƙi, ana ɗaure shi a jikin gado. Ki samu lokacin da ya ci abinci ya huta, ki ce masa yaran sun fara hawa kujera suna laluben durowa. In kina da hali, ki sayo akwatin da kanki a wannan makon, ki ba shi ya zaɓi lambar.