Amsa ga mai tambaya kan lemun da ke zubar da 'ya'ya

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce lemunka na zubar da fure da ƙananan 'ya'ya, ganye ya koma ruwan ɗorawa, alhali safe da yamma kana ba shi ruwa. To, ni wannan safe da yamman nake zargi.

Haka na yi a garkata ta Tadis, nan Tawa, shekarun farko. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, sai tsoro ya sa kullum ina zuba bokiti guda a gindin kowane icce. Ruwan ba ya ratsa ƙasa ko tsawon ɗan yatsa, saiwa ta taru a sama rana na gasa ta, gindi kuwa kullum a jiƙe. Wata safiya na tarar ɓawon ya tsage, wani abu kamar ƙaro yana tsiyaya. Icce 2 na rasa, kuma masu aure ne, wato waɗanda aka haɗa wa reshen iri mai kyau, da kuɗina na sayo su.

Yanzu kwalbati biyu nake ja: ƙarama ta kewaye gindi don kada ruwa ya taɓa shi, babba kuma daidai inda inuwar icce ta ƙare, nan saiwar da ke sha take. In cika babbar har ruwa ya nutse kamar kamu ɗaya, in rufe da busasshiyar ciyawa (a sa ido kan gara), in bar shi. A jigawa, daga Maris zuwa Mayu, kwana 3 nake yi tsakani. A ƙasar laka mako guda ba ya cutarwa. Da sanyi ina ƙara tazara. Dashen bana daban ne, shi ba ya jure jira.

Kada ganye ya ruɗe ka. Naɗewar da yake yi da azahar ta zafi ce kawai. In ka same shi a naɗe da asuba, wannan ne ƙishirwa. Ka tona ƙasa ka dunƙula, in ta kama hannu ka haƙura.

Amma fa in ya riƙe 'ya'ya kada ka yi masa fashi mai tsawo sannan ka ambaliya masa, lemun fashewa yake a kan reshe. Kuma ko icce mai lafiya yakan zubar da wasu 'ya'yan da kansa.

Turo mana hoton gindin, ka gaya mana irin ƙasarka.