Zan iya ajiye tsohuwar mashinga a falo?

Tambaya: Salam Malam. Kakanmu ɗan Boma ne, bayan rasuwarsa muka buɗe akwatinsa muka tarar da hular kwano, lambobin yabo da wata doguwar jigida ta kyalle wai ta mashinga ce. Tun lokacin abin ya shiga raina, kuma na ga a Ingila ana saida irin bindigogin nan da aka kashe su ba sa harbi. Zan iya yin oda in ajiye a falo? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan tsoho. Jigidar nan in ta kyalle ce mai ɗaukar harsashi 250 to da alama ta mashingar Vickers ce, wacce sojan Ingila suka fara riƙewa a 1912 ba su ajiye ta ba sai 1968, ruwa ake zuba mata a jikin bututu don kar ta yi zafi. Jikar mashingar Maxim ce, ita Maxim ɗin ai mun san ta, da ita aka zo Kano da Sakkwato a 1903, kuma mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, sun taɓa ƙwace guda a 1906. Bren kuwa, wata mashingar sojan Ingila, ita ba ta jigida, gidan harsashinta lanƙwasasshe ne a sama.

Gaskiya ne a can ana tara su. Ana tsaga bututun a toshe da ƙarfe a bi da walda, a lalata abin da ke bugun harsashi, sannan ofishin gwajin bindiga na Landan ko Birmingham ya buga hatimi ya bada satifiket. Ko su ma bayan harin Faris na 2015 sun ƙara tsaurara ƙa'idar.

Amma fa satifiket ɗin nan iyakarsa Ingila. Dokar makamai tamu ta 1959 ta sa mashinga cikin waɗanda aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma sassan bindiga ma bindiga ne a wajenta. Ka ɗauka ma bindigar ta wuce kwastam, wanda ban ga alama ba, sai ga ka a shingen sojoji a hanyar Zariya da ita a but kana rantsuwa wallahi an yi mata walda, a Kadunan nan da halin da muke ciki wa zai tsaya ya leƙa bututu? Ni dai ba da ni ba.

Kayan kaka ka riƙe, ka nemi takardar sallamarsa a ga ko runduna ta 81 ce ko ta 82, su ne rundunonin Afirka ta Yamma da suka je Boma (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Lambobin kar ka goge su da yashi, kyallen kuma ka nesanta shi da danshi. In akwai harsashi ko ɗaya a ciki kar ka taɓa, tsohon harsashi yana tashi, ka sanar da 'yan sanda. Jigidar ma ka tambayi gidan tarihi na titin Ali Akilu kafin ka rataye ta inda baƙi ke gani. In ganin manyan bindigogi kake so, gidan tarihin yaƙi na Umuahia na nan.