Hukuncin sake sayar da liyarin jabu da aka saya a gwanjon intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne mai shagon kayan masarufi, kuma tun ina yaro nake sha'awar tara tsofaffin kuɗi. Na fara da anini da kwabo mai huji da sule da na samu a wajen kakata, yanzu kuma ina shiga gwanjo a intanet ina saye daga ƙasashen waje, har da na azurfa. Nakan biya da kati, kayan su iso bayan mako biyu ko uku. Kwanan baya na ci gwanjon wani liyari, tsohon kuɗin azurfa, mai ɗauke da shekarar 1780, na biya da tsada daga jarin shago, don mai shi ya ce gadon kakansa ne. Da ya iso na kai wa maƙerin fari, ya ce tagulla ce aka yi wa ruwan azurfa. Na yi wa mutumin magana, ya ce ai ya rubuta ba a mayar da kaya. Shin ya halatta in mayar da shi gwanjo, in sa hotonsa kawai, kada in ce na gaske ne ko jabu, don in fanshe kuɗina? Wani abokina ma ya ce zai riƙa taya mini don farashin ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa.

Bai halatta ba. Ka riga ka san jabu ne, kuma duk wanda zai taya a gwanjon tsofaffin kuɗi yana tayawa ne a kan cewa na gaske ne, don haka shirunka ha'inci ne. Tayin abokinka shi ne najashu, wanda Annabi (SAW) ya hana, kuma laifin zai hau ku biyun. Shi gwanjo a kan kansa halal ne.

Maganar "ba a mayar da kaya" ba ta kare wannan mutum. Sharaɗin barranta daga aibi ba ya amfanar wanda ya san aibin ya ɓoye, balle a nan ba aibi ba ne, abin da aka yi ciniki a kansa ne bai zo ba: azurfa aka ce, tagulla ta iso. Kuɗinka bashi ne a wuyansa. Ka shigar da ƙorafi a dandalin da aka yi gwanjon da kuma bankinka, ka haɗa da hoton abin a kan sikeli da bayanin maƙerin. Kada ka yi jinkiri, don irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna da wa'adi, kuma 'yan damfara sun san da haka, shi ya sa suke jan mutum da "bari in duba" har lokaci ya wuce.

In kuɗin bai dawo ba, malamanmu na Malikiyya sun yi wa gurɓataccen kuɗi hukunci uku, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil: ya halatta a sayar da shi ga wanda zai farfasa shi ko wanda ba zai cuci kowa da shi ba, makaruhi ne ga wanda ba a amince da shi ba, kuma a warware cinikin in an sayar wa wanda zai yi algus da shi. A gwanjon intanet ba ka san wanda zai ci ba, to ko ka rubuta "jabu ne" ba ka da tabbacin ba zai goge kalmar ba ya sayar wa wani gobe. Imam Gazali ya kawo a Ihya'u cewa mai irin wannan kuɗi ya jefa shi rijiya ko ya lalata shi yadda ba za a ƙara mu'amala da shi ba. Shawarata, ka sa maƙerin nan ya huda shi ko ya buga masa alama mai zurfi, ka ajiye kana gwada wasu da shi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a tambayarka wani ne daban, kuma kai ba ka ɗauke shi matsala ba. Ka ce kana sayen na azurfa, ka biya yau, kaya su iso bayan makonni. Waɗanda suka zo maka na gaske su ne suka fi bukatar fatawa, ba wannan na jabun ba.

Tsofaffin kuɗi iri biyu ne. Akwai na tagulla da farin ƙarfe da aka daina ciniki da su, irin anini da kwabo mai huji. Waɗannan sun zama haja kamar kowace haja, ka saya yadda kuka daidaita, hannu da hannu ko da jinkiri. Sai kuma na zinariya da azurfa, irin liyari da dinari da dirhami, har da sulen Afirka ta Yamma da aka buga daga 1913 zuwa 1919, don shi ma azurfa ne, sai daga 1920 aka fara komawa tagulla. Sayen waɗannan da naira ko dala ko fam canji ne, wato sarfu, sharaɗinsa kuwa a karɓi duka biyun a zaman ciniki. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a Amman a 1986 cewa kuɗin takarda yana ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa, kuma a Jidda a 1990, da ta halatta ƙulla ciniki ta hanyoyin sadarwa na zamani, ta cire sarfu daga ciki saboda wannan sharaɗi na karɓa.

Na san za a ce maka akwai masu ganin cewa tsohon kuɗi ya fita daga wannan babi. Suna cewa ba wanda ke sayen shinkafa da liyari a yau, ana nemansa ne don tarihinsa, saboda haka ya zama haja. Suna jingina da ra'ayin Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim cewa kayan ado da aka ƙera sun tashi daga zama kuɗi sun koma kaya. Ina girmama masu wannan magana, amma ban ga ta tsaya da ƙafafunta ba.

Nassi ya rataya hukuncin ne a kan zinariya da azurfa su kansu, bai ce sai suna yawo a kasuwa ba. A ruwayar Abu Dawuda ta hadisin Ubada ɗan Samit, mai cewa zinariya da zinariya, azurfa da azurfa, daidai wa daida, an ambaci ɗanyensu da bugaggensu duka. Dubi ma dalilin da ya sa Ubada ya miƙe ya karanta hadisin, kamar yadda Muslim ya ruwaito: an samu kwanukan azurfa cikin ganima a wani yaƙi ƙarƙashin Mu'awiya, aka sa a sayar wa mutane a kan za su biya idan an ba su rabonsu na baitulmali, mutane suka yi rububi, Ubada ya hana, aka mayar. Kwano ba kuɗi ba ne, ba a taɓa yin ciniki da shi ba, ga shi sahabin da ya ruwaito hadisin ya hana sayar da shi da jinkiri. To yaya abin da tun asali aka buga shi don ya zama kuɗi? A Muwaɗɗa kuma, wani maƙeri ya bi Abdullahi ɗan Umar yana neman ya halatta masa ƙarin ladan ƙira a kan nauyi, ya yi ta maimaitawa har ƙofar masallaci, Ibn Umar bai sassauta masa ba. Hadisin sarƙar Fadala ɗan Ubaidu ta ranar Haibara, inda Annabi (SAW) ya hana sayar da sarƙa mai zinariya da duwatsun ado da dinari sai an rarrabe su, sananne ne. A kan wannan mazhabobi huɗu suke.

Su kansu malaman biyu da ake jingina da su, maganarsu a kan kayan ado ne da ake sawa, kuma an ɗaure ta da sharaɗin kada a nufi mayar da su dukiyar ajiya a matsayin kuɗi. Ka tambayi kanka da gaskiya me ya sa ka ciri jarin shago ka zuba a liyari. Ba don ka sa rai darajarsa za ta tashi ba? Dillalansa ma da nauyin azurfarsa suke yi masa kuɗi, in azurfa ta hau ya hau, in ta sauka ya sauka. Sannan a wace shekara kuɗi ke zama "na tarihi"? In aka buɗe wannan ƙofa, duk mai sulallan zinariya da aka buga bara zai ce nasa ma na masu tarawa ne, babin sarfu ya rushe ke nan.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, wai in aka bi hukuncin canji an zubar da darajar tarihi, an mayar da abu mai tsada nauyin ƙarfe kawai. Wannan bai biyo ba. Naira jinsi ne daban, azurfa jinsi daban, don haka farashi a buɗe yake. A 2011 an sayar da wani dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan hijira a gwanjo a Landan a kan fam miliyan 3.72, alhali zinariyar da ke jikinsa giram huɗu ce da 'yan kai. Shari'a ba ta da ja da wannan farashi. Abin da ta nema guda ne, a ba da kuɗi a karɓi kaya a lokaci ɗaya. Inda nauyi ke shigowa shi ne in za ka musanya azurfa da azurfa, kamar ka ba da liyari biyar ka karɓi dirhami ɗaya mai wuyar samu. Wannan bai halatta ba, sai dai ka sayar da naka da kuɗi, ka sayi wancan da kuɗi.

Mafita ita ce wakili amintacce a garin mai kayan, wanda shi zai ƙulla cinikin, ya biya, ya karɓa a zama ɗaya, sannan ya aiko maka. Ka lura, a wajen Malikiyya ba ya isa kai ka ƙulla daga nan shi kuma ya je karɓa daga baya. In babu wakili, ka tsaya a kan na tagulla a intanet, na azurfa kuwa ka saya inda za ka riƙe da hannunka. Abin da ya wuce cikin rashin sani, ka nemi gafarar Allah, kada ka koma. Da ka bi wannan sharaɗi tun farko, da liyarin nan ya hau sikeli kafin kuɗinka ya fita.

Game da liyarin kansa, shekarar 1780 ita ce ta ruɗe ka. A shekarar ne sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayan nan da wannan shekara aka buga shi, a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, har yau ma ba a daina ba. Shi ya sa ya cika kasuwanninmu da na Habasha da Yaman a da, har iyayenmu mata suka yi ado da shi. Galibin na gaskensa ma bai wuce kuɗin azurfarsa da ɗan ƙari ba. Nauyinsa giram 28 da ɗigo kaɗan, faɗinsa wajen milimita 40, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. A gefensa akwai rubutu mai tudu da aka buga, kuma a nan masu jabu suka fi kasawa: za ka ga haruffan sun dusashe, ko ka ga siririn layi ya zagaye gefen inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu. Ka sa madubin ƙara girma a fuskarsa, in ka ga ƙananan ramuka kamar na kumfa, zuba shi aka yi, ba bugawa ba. Ka ɗora shi a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa, azurfa tana da amo mai tsawo, dalma kuwa ɗif take yi. Maganaɗisu in ya kama shi magana ta ƙare, amma rashin kamawa ba shaida ba ce, don tagulla ma ba ta kamuwa.

In ka fara sha'awar dinari da dirhami na farkon Musulunci, wanda Abdulmalik ɗan Marwan ya fara buga masu rubutu zalla daga shekara ta 77 bayan hijira, ka riƙe wannan: da hannu ake buga su, guduma a kan hatimi, don haka biyu ba sa zuwa iri ɗaya sak. In ka ga mai kaya yana da uku masu karce ɗaya a wuri ɗaya da gefe mai lanƙwasa ɗaya, daga uwa ɗaya aka kwafo su. Akwai ayoyi a jikinsu, har da Ƙulhuwallahu, sai a kiyaye inda ake ajiye su. Ka kuma tambayi inda aka samo su, don wasu daga ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita ake sato su, sayen kayan da ka san na sata ne kuwa haramun ne.

Shi mai sayarwa, kafin ka taya ka duba tarihinsa. Sabon asusu da ya tara yabo a kan kayan kwabo-kwabo sannan kwatsam ya fito da abu mai tsada, abin tsoro ne. Haka mai hoto dishi-dishi da ba ya yarda ya nuna gefe ko ya ɗora a sikeli, da mai cewa "gado na ci, ban san kansu ba", da mai jan ka ku gama a WhatsApp ka tura kuɗi kai tsaye don a rage maka. In ka ga mutum ɗaya yana ta ƙara tayi kaɗan-kaɗan a kayan dillali ɗaya amma bai taɓa ci ba, irin aikin da abokinka ya yi maka tayinsa ne ake yi a kanka. Kamfanonin tantancewa irin NGC da PCGS suna rufe kuɗi a cikin roba mai lamba, ka duba lambar a shafinsu ka gwada hoton da ke can da wanda aka nuna maka, don robar ma ana yin jabunta. Har kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas da ake kururutawa, an buga shi da yawa, ba shi da tsadar da ake faɗa.

Saura maganar jarin shago. Wannan kuɗi akwai haƙƙin iyali a cikinsa, watakila da na masu ba ka kaya bashi, kuma gwanjo yana da zafin da ke sa mutum ya taya abin da bai yi niyya ba don kada a kayar da shi. Ka ware wa sha'awarka abin da in ya salwanta ba za a ji a gida ba, ka yanke iyakar tayinka tun kafin a buɗe. Azurfar da ka tara kuma ka auna ta, in ta kai nisabi, wajen giram 595, ko ta cika shi in an haɗa da sauran kuɗinka, akwai zakka a kanta idan shekara ta zagayo.

Wallahu a'alam.